Basenji: Karen Afirka Da Ba Ya Haushi

Basenji ƙaramin kare ne mai gajeren gashi, mai tsayayyun kunnuwa, wutsiyarsa a nannaɗe bisa gadon baya kamar gammo. Asalinsa tsakiyar Afirka ne, daga dazuzzukan Kongo zuwa ƙasar Azande da ke kudu maso yammacin Sudan ta Kudu. Abin da ya fito da sunansa a duniya shi ne ba ya haushi irin na sauran karnuka. A yau ana ajiye shi a gidajen Turai da Amurka a matsayin abokin zama, ana rubuta sunan uwarsa da na ubansa a littafin asali. Amma tushensa karen farauta ne na mutanen ƙauye, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da ya bi ya fita duniya ta ratsa Kartum, inda Shuɗin Nilu ya haɗu da Farin Nilu. Don haka labarinsa bai yi nisa da Hausawan yankin Jazira na Sudan da na gaɓar Shuɗin Nilu ba, domin wani sashe ne na tarihin kare a kwarin da suke zaune.

Suna da mazauni

Sunan Basenji daga harshen Lingala na Kongo ya samo asali. Kalma ce da mutanen birni ke kiran mazauna daji da ita, kusan yadda Bahaushe ke cewa ƙauyawa, har da ɗan rainin da ke tattare da kalmar. Ma'anar sunan ke nan: karen ƙauyawa. Turawan da suka fara ganinsa sun laƙaba masa sunaye dabam-dabam, wasu suka ce karen Kongo, wasu karen dajin Afirka, wasu kuma karen Azande, kafin wannan suna ya zauna a shekarun 1930.

Mazauninsa na asali yanki ne mai yawan ruwan sama, inda kurmi ya haɗu da fili mai doguwar ciyawa. Azande suna zaune a inda ƙasashe uku suka yi iyaka: Sudan ta Kudu, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Garuruwansu na ɓangaren Sudan, irin su Yambiyo da Tambura, suna cikin ƙasar Sudan guda har zuwa ranar 9 ga Yuli 2011 da Kudu ta sami 'yancin kanta. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin rubuce-rubuce kan wannan kare ke yawan ambaton Sudan.

Yadda kare ya shigo kwarin Nilu

Ba a Afirka aka fara horar da kare ba. Kakansa kyarkecin Turai da Asiya ne, kuma ta mashigar Sinai ya shigo wannan nahiya tare da mutane da dabbobinsu, fiye da shekaru 6,000 da suka wuce. Daga Masar ya bi kogi ya yi kudu. Masu haƙar kayan tarihi sun tarar da ƙasusuwan karnuka binne tare da mutane a Kadada, kusa da Shandi, a kaburburan da suka girmi daular Fir'aunoni, sun kuma tarar da irinsu a Karma, cibiyar tsohuwar daular Kush. Wanda aka binne shi da karensa, lalle karen yana da matsayi a rayuwarsa.

A bangon kaburburan Masar ta dā akwai zanen wani karen farauta da ake kira tesem, mai tsayayyun kunnuwa da nannaɗaɗɗiyar wutsiya. Masu sha'awar Basenji sukan ce karen Fir'auna ke nan. Kamannin a fili yake, sai dai kama da wane ba ta wane: zane ba ya tabbatar da nasaba, kuma tesem ya fi Basenji tsawon ƙafa da sirantar jiki. Abin da zanen ya tabbatar shi ne irin wannan ƙira ta kare daɗaɗɗiya ce a kwarin Nilu. Daga nan karnuka suka ci gaba da bazuwa kudu da yamma, kowane yanki ya tace nasa bisa yanayinsa. Sahara da sahel suka fitar da dogaye masu gudu, kamar sulugin Larabawa da azawak na Buzaye a Nijar da Mali. Kurmi kuwa ya fitar da ɗan ƙarami mai iya kutsawa cikin sarƙaƙiya.

Aikinsa a ƙasar Azande

Farautar kurmi ta bambanta da ta fili. A fili kare yana hango zomo ko barewa ya bi da gudu har ya cim mata. A kurmi ido ba ya nisa, sai a kafa dogayen raguna a jere, wasu mafarauta su laɓe a bayansu da masu, wasu kuma su shiga da karnuka su kora namun daji zuwa ga raga. Gada da gyazbi da sauran ƙananan dabbobi su ne abin da aka fi kamawa. Aikin kare a nan shi ne ya shinshino dabba, ya tashe ta, ya matsa mata har ta faɗa tarko.

Tun da karen ba ya haushi, mai shi ba zai san inda yake cikin ciyawar da ta fi mutum tsayi ba. Sai mafarauta suka yi dabarar rataya masa ƙararrawa ta itace ko ta ƙwaryar wani ɗan itace a wuya ko a ƙugu. Ƙarar tana nuna wa maharbi inda karensa ya nufa, tana kuma firgita dabbar da ake kora. Shi kansa karen yana da tasa dabarar: yakan daka tsalle sama tsaye, ya leƙa bisa ciyawa, ya sauko ya ci gaba.

Bature na farko da ya yi cikakken bayanin wannan kare shi ne Georg Schweinfurth, Bajamushe masanin tsirrai, wanda ya tashi daga Kartum a farkon 1869 ya bi Farin Nilu zuwa Bahar Gazal, ya isa ƙasar Azande a 1870. A littafin tafiyarsa ya siffanta ƙananan karnuka masu santsin gashi, ja-ja, kunnuwa a tsaye, wutsiya a murɗe, da ƙararrawar itace a wuya. Wanda ya ga Basenji a yau zai gane karen da ake nufi.

Daga Kartum zuwa Landan

Fitar da shi daga Afirka ya zo da hasara mai yawa. A 1895 an nuna wasu a baje-kolin karnuka na Crufts a Landan, ba su daɗe ba cutar distempa ta kashe su. Wannan cuta 'yar'uwar ƙyanda ce ta mutane da bushiya ta shanu: tana farawa da zazzaɓi da majina da tari, ta koma zawo, ta ƙare da farfaɗiya. Karnukan da suka taso can cikin kurmi ba su da garkuwar jiki a kanta.

A 1923 wata Baturiya da ta zauna a Kartum, Lady Helen Nutting, ta tafi Ingila da Basenji shida da aka samo mata daga kudancin Sudan. Sun jure doguwar tafiyar jirgin ruwa, amma dukkansu suka mutu bayan an yi musu allurar rigakafin distempa, wadda a lokacin sabuwa ce ba ta gama inganta ba. Sai a 1936 Olivia Burn ta yi nasarar shigo da wasu daga Kongo waɗanda suka rayu suka hayayyafa. An nuna su a Crufts a 1937, jama'a suka yi cincirindo don ganin karen da ba ya haushi. A 1939 aka kafa ƙungiyar masu kiwon Basenji ta Birtaniya, kuma cikin shekarun Yaƙin Duniya na Biyu ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka ta karɓe shi a matsayin iri mai zaman kansa.

Tun da daga 'yan tsirarun karnuka aka faro, ba da jimawa ba auren zumunci ya yi yawa a cikin irin, jini ya ƙuntata. Magani ɗaya ne, a koma gida. A 1959 Veronica Tudor-Williams, wadda ta fi kowa yi wa wannan iri hidima a Ingila, ta je kudancin Sudan ta dawo da wata karya da aka sa wa suna Fula. Jinin Fula ya bazu cikin zuriyar Basenji a ƙasashe da dama. A 1987 da 1988 wasu Amurkawa suka sake zuwa arewa maso gabashin Kongo, wadda a lokacin ake kira Zayar, suka sayo karnuka daga hannun mutanen ƙauye, kuma a 1990 aka buɗe littafin asali aka shigar da 14 daga cikinsu. Sau biyu ke nan karen ƙauye yana ceto ɗan'uwansa na birni.

Siffar jiki

Bisa ma'aunin ƙungiyar karnuka ta duniya, namijin Basenji yana kai santimita 43 daga ƙasa zuwa kafaɗa, nauyinsa kilo 11. Mace tana kai santimita 40, nauyinta kilo 9 da rabi. Wato tsayinsa kusan gwiwar babban mutum. Ƙafafunsa dogaye ne idan aka gwada da gangar jikinsa, bayansa gajere ne a miƙe, ƙirjinsa mai zurfi, cikinsa a ɗame. Ƙashinsa siriri ne, amma tsokarsa a murɗe take. Wannan ƙira ce ta sa masu bayaninsa ke kwatanta shi da barewa.

Kai shi ne inda aka fi gane shi. Goshinsa shimfiɗaɗɗe ne mai tattarar fata, kuma idan ya tsayar da kunnuwa yana sauraro sai layukan su ƙara fitowa, ya yi kama da mai zurfin tunani. Tattarar ta fi bayyana ga kwikwiyo da kuma ja, ba ta cika fitowa ga baƙi ba. Kunnuwan ƙanana ne masu tsini, sun ɗan rusuna gaba. Idanun baƙaƙe ne, ba zagayayyu ba, sun ɗan karkata. Wuyansa dogo ne mai lanƙwasa, yana ɗauke da kai sama.

Wutsiya daga can saman ƙugu take fita, ta nannaɗe sau ɗaya ko sau biyu ta kwanta a gefen cinya. A ƙauyukan Afirka sau da yawa naɗin sako-sako ne. Matsattsen naɗin da ake gani a baje-koli zaɓin masu kiwo ne ya ƙarfafa shi. Idan kare ya shiga sukuwa yakan warware ta don daidaita jiki.

Gashinsa gajere ne ƙwarai, mai laushi da sheƙi, fatar kuma sako-sako, abin da ke rage masa rauni idan ƙaya ta kama shi. Launukan da aka amince da su huɗu ne: ja da fari, baƙi da fari, mai launi uku wato baƙi da ja da fari, sai mai ratsin baƙi a kan ja. Wannan na ƙarshe karnukan da aka kawo daga Zayar ne suka tabbatar da shi a Amurka. Ko wane launi ne, ana son tafin ƙafafu huɗu da ƙirji da bakin wutsiya su zama farare. Tafiyarsa ma abin kallo ce: yana miƙa ƙafa yana sassarfa kamar doki, ba ya saurin gajiya.

Murya, barbara da ɗabi'a

Rashin haushi ba bebantaka ba ne. Basenji yana gurnani, yana kuka, yana ihu idan ya ji zafi, wani lokaci ya yi haushi guda ɗaya tak ya yi shiru. Idan yana murna kuwa sai ya fitar da wata murya mai hawa da sauka, tsakanin guɗa da kuka. Dalilin yana cikin maƙogwaro: aljihun da ke gefen jijiyoyin muryarsa bai kai na sauran karnuka zurfi ba, don haka jera haushi yana yi masa wuya.

Karyar yawancin ire-iren karnuka tana neman barbara sau biyu a shekara. Ta Basenji sau ɗaya take yi, kamar kyarkeci da dingo, karen dajin Ostireliya. A Turai da Amurka lokacin yakan faɗo da kaka, ciki ya yi kimanin kwana 63, a haifi 'ya'ya da hunturu. Waɗannan halaye biyu gado ne. John Paul Scott da John Fuller, masu bincike a Amurka, sun shafe shekaru 13 suna nazarin ire-iren karnuka biyar, ciki har da Basenji. Sun haɗa shi da wani karen Turai mai yawan haushi, suka bi 'ya'ya da jikoki, suka nuna yadda saurin haushi da lokacin barbara ke bin jini. Sun buga sakamakon a 1965.

Kare ne mai tsabta. Yana lasar jikinsa yana goge fuska da ƙafar gaba kamar kyanwa, kuma ba shi da ƙarnin da aka san kare da shi. Ba ya son ruwan sama, ba ya jure sanyi. Yana shaƙuwa da mutanen gida ƙwarai, amma yana ɗari-ɗari da baƙo. Kaifin basirarsa na mai yanke wa kansa shawara ne, domin a kurmi ba ya jiran umarni, shi ya sa masu horarwa ke cewa yana da taurin kai. Yana haura shinge, yana buɗe ƙofa, kuma duk abin da ya gifta da gudu sai ya bi. Gidan da ke da kaji ko zabi sai an yi hattara da shi. Idan aka tsare shi ba motsa jiki, ɓarna yake yi.

Abin da binciken gado ya nuna

Yawancin ire-iren karnukan Turai ba su wuce shekaru 200 da tsarawa ba. A 2004 wani bincike da ya gwada ƙwayoyin gado na ire-ire 85 ya ware wasu 'yan kaɗan da reshensu ya rabu tun da wuri, Basenji na cikinsu. A 2021 aka buga cikakkiyar taswirar ƙwayoyin gadonsa, ta ƙara tabbatar da cewa yana kusa da gindin bishiyar nasabar karnuka.

Akwai wata ƙwayar gado da ke taimaka wa kare narkar da abinci mai gari, irin tuwo da kunu. Karnukan da suka daɗe tare da manoman hatsi suna ɗauke da kwafinta da yawa, har an ƙirga 29 a jikin wani sulugi. Kyarkeci biyu gare shi, kuma Basenjin da aka zana taswirarsa ma biyu aka samu. Wannan alama ce ta cewa kakanninsa sun rayu da mafarauta fiye da masu rumbu.

Cututtukan da ke bin irin

Basenji yakan kai shekaru 13 zuwa 14. Cutar gado da ta fi addabarsa ita ce Fankoni, wadda ke hana ƙoda mayar da sukari da gishirin jiki cikin jini, sai su zube ta fitsari. Alamunta yawan shan ruwa, yawan fitsari da rama, galibi tsakanin shekara huɗu zuwa takwas. Ana gane ta idan aka ga sukari a fitsari alhali na jini daidai yake. Tun 2011 akwai gwajin da ke nuna karen da ke ɗauke da ita kafin a haɗa shi barbara. Akwai kuma wani ƙarancin jini na gado da wata cutar ido da ke kai wa ga makanta sannu a hankali. Yaɗuwar waɗannan duka tana da nasaba da ƙarancin kakannin da aka faro da su.

Basenji da karen ƙauyen Jazira

Hausawa da Fulani sun daɗe suna ratsa Sudan a hanyar hajji, wasu suka yada zango har abada. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, sai wasu dubbai suka zo aikin gona, suka zauna a sansanonin ma'aikata tsakanin Wad Madani da Manaƙil, wasu kuma suka bi kogi har Rusairis.

Karen waɗannan ƙauyuka ba Basenji ba ne. Ya fi shi girma, kuma yana haushi, domin amfaninsa ke nan: gadin gona da garke da gida cikin dare. Inda kurmi ya bukaci mai shiru, fili ya bukaci mai faɗakarwa. Duk da haka sun yi tarayya a abubuwa da dama: gajeren gashi mai jure zafi, ɗamammen jiki, launin ƙasa, da kunnuwa masu tsayuwa da wutsiya mai lanƙwasa ga wasunsu. Wani bincike da aka buga a 2009 kan karnukan ƙauye a Masar da Uganda da Namibiya ya nuna mafi yawansu 'yan asalin Afirka ne masu tsohuwar nasaba, ba tarkacen karnukan Turawa ba, kuma jininsu ya fi na karnukan littafi faɗi.

Ajiye kare a ɗaki don abota kaɗai ba al'adar Bahaushe ba ce, kuma fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Mai Wurno kamar yadda ake karanta shi a Sakkwato ya yi wa abin iyaka. Risala ta Ibn Abi Zaid ta taƙaita riƙon kare ga tsaron shuka, rakiyar dabbobi da farautar neman abinci. Mazhabar ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, ta dai yi umarni da wanke ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki sau bakwai. Aikin da Azande suka tsara Basenji dominsa, wato farautar abin kai wa baki, yana cikin abin da aka yarda da shi.

Wanda ya riƙi kare don aiki, haƙƙinsa na wuyansa: abinci, ruwa, inuwa, cire kaska da allurar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan cuta tana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura yana katse yaɗuwarta. Basenji ya kai inda ya kai ne saboda mafarautan ƙauye sun san darajar karensu, suka zaɓi nagari suka kula da shi ɗaruruwan shekaru kafin wani ya rubuta sunansa a littafi. Turai ta ba shi suna da ma'auni, amma ƙirarsa da halinsa aikin mutanen Afirka ne.